Aiki da bizar ɗalibi: amsa ga wani matashi daga Garin Malam

"Assalamu alaikum Malam. Na gama lisansi a Jami'ar André Salifou a nan Damagaram, kuma wata jami'a a Kanada ta aiko mini da takardar karɓa in je in yi masta. Wani abokina da ke can ya ce kada maganar kuɗi ta dame ni, in dai na shiga ƙasar zan samu aiki in biya makaranta, in ci da kaina, har in riƙa aikowa gida. Baba yana shirin sayar da filinmu na hanyar Miriya don kuɗin shekarar farko. Shin bizar ɗalibi tana ba mutum damar yin aiki, ko sai ya nemi wata takarda daban? In Kanada ba ta yiwu ba, yaya abin yake a Faransa ko Turkiyya? Allah ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a karatun, ya kuma saka wa Baba da alheri.

Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko: ana bari a yi aikin? Ta biyu, wadda ba ka fito da ita fili ba amma ita ce filin Baba ya rataya a kanta: abin da za a samu a aikin zai ɗauki nauyin karatun? Amsar ta farko a Kanada e ce, da sharuɗɗa. Amsar ta biyu a'a ce, kuma zan nuna maka da lissafi, don kada ka ce ra'ayin tsoho ne kawai.

Ka fara riƙe wannan. Babu ƙasar da ke ba ka bizar karatu don tana neman ma'aikaci. Ta ba ka ne bayan ka nuna mata takardun banki ka ce kana da abin da zai riƙe ka. Izinin aikin da ke biyo baya goyo ne a bayan takardar karatu: muddin uwar na tsaye yana nan, ranar da ta faɗi tare za su faɗi. Shi ya sa kusan duk dokokin da za ka ji a ƙasa suke komawa wuri ɗaya, wato har yanzu kai ɗalibi ne na gaske ko kuwa ka koma ma'aikaci mai riƙe da katin makaranta.

Yadda abin yake a Kanada

Ba sai ka nemi wata takardar aiki daban ba. Izinin yana rubuce a jikin takardar izinin karatun kanta, kuma a nan yara da yawa ke yin sakaci. Abin da ake aiko maka kana gida wasiƙar gabatarwa ce, sai bizar da ake manna wa a fasfo. Ainihin takardar izinin karatu jami'in kan iyaka ne zai buga maka ita a filin jirgin da ka fara sauka, bayan doguwar tafiya, kana jin barci, ga layi a bayanka. Kada ka naɗe ta ka cusa a jaka. Tsaya nan gaban teburinsa ka karanta ƙasan takardar, wurin sharuɗɗa. Ka nemi layin da ya ce kana iya aiki ko kana iya karɓar aiki a ciki ko wajen harabar makaranta. In babu shi, ka yi magana nan take cikin ladabi. Ana iya gyarawa daga baya ba tare da biyan kuɗi ba in ka cancanta, amma sai ka aika da buƙata ka zauna jira, kuma duk tsawon jiran ba ka da ikon taɓa aiki.

Da wannan layin ne za ka je ofishin gwamnati na Service Canada a ba ka lambar NAS, wato lambar inshorar jama'a, lamba ce mai alƙaluma 9, ta baƙi tana farawa da 9. Kyauta ce. Duk mai ɗaukar aiki na ƙwarai sai ya tambaye ka ita kafin ya sa ka a takardar albashi. Wanda ya ce ba ya buƙatarta, zai biya ka a hannu, to ka san irin aikin da yake kiran ka.

Tun Nuwamba 2024 iyakar aiki a wajen makaranta awa 24 ce a sati lokacin da ake karatu. A da awa 20 ce. A tsakani an taɓa ɗage iyakar gaba ɗaya na wani lokaci bayan korona, daga ƙarshen 2022 zuwa Afrilu 2024, kuma ina kyautata zaton labarin wancan lokacin ne abokinka yake ba ka. Waɗanda suka yi zamanin sun yi awa 40 a sati bisa doka. An rufe wannan ƙofa. Awa 24 ɗin kuma jimilla ce, ba ta kowane wurin aiki ba: in kana awa 15 a kanti kana awa 12 a gidan abinci, ka ƙetare. Har aikin kai saƙo da ake yi ta waya, wanda kake ganin kai ne ubangidan kanka, awowinsa na cikin lissafi. A hutun da makaranta ta sa a kalandarta, kamar babban hutun bazararsu da na ƙarshen shekara, kana iya yin cikakken aiki, in dai kai cikakken ɗalibi ne kafin hutun kuma za ka koma a haka bayansa. Aikin cikin harabar jami'a, irin na laburare ko taimaka wa malami a bincike, ba ya cikin wannan iyaka. Ga ɗan masta wannan ne aikin da ya fi dacewa a nema.

Sauran sharuɗɗan gajeru ne amma suna kayar da mutum. Ba a fara aiki sai darasi ya fara, ko da ka iso da wata guda. Dole makarantar ta kasance cikin jerin waɗanda gwamnati ta amince su karɓi baƙi. Wanda ya je koyon Turanci ko Faransanci kawai ba shi da wannan izini. In ka rage darussa ka sauka daga cikakken ɗalibi, ko ka ɗauki hutun kanka na zango guda, izinin ya tsaya, sai dai a zangon ƙarshe in ƴan darussa ne suka rage maka.

Yanzu lissafi. Mafi ƙarancin albashi ya bambanta daga lardi zuwa lardi, daga dalar Kanada 15 zuwa wajen 18 a awa. Mu ɗauki 16. Awa 24 sau 16 ya ba ka 384 a sati. Ka ce ba ka yi ciwo ba, ba ka yi jarrabawa ba, ba a rage maka awa ba ko sau ɗaya, ka yi sati 52 cif: kusan 20,000 ke nan, kafin a cire abin da ake cirewa. To ita gwamnatin Kanada, a ma'auninta na Satumba 2025, abin da ta ce ɗalibi ɗaya ya nuna na ci da sha da haya a shekara, ban da kuɗin makaranta da na jirgi, 22,895 ne, miliyan 9 da ɗoriya na sefa. Lardin Kebek yana da nasa lissafin da tasa takardar karɓar ɗalibi daban, wadda ake kira CAQ. Ka ga aikin bai ma rufe kuɗin zama ba sai an haɗa da na babban hutu. Sai ka ɗauko takardar karɓar da aka aiko maka, ka dubi kuɗin makarantar shekara, wanda na baƙo kan ninka na ɗan ƙasa, ka faɗa mini daga ina na shekara ta biyu zai fito.

Wannan shekara ta biyun ita ce ta fi ba ni tsoro a duk dosiyen da ake kawo mini. Ta farko akwai kuɗin fili, kowa na murna. A watan takwas na shekara mai zuwa makaranta za ta aiko da takardar biya, in ba ka biya ba ba za ka yi rajista ba, in ba rajista kai ba ɗalibi ba ne, in kai ba ɗalibi ba ne aikin da kake taƙama da shi ya zama laifi. Na ga wanda ya bi wannan hanya. Yaro ne mai ƙoƙari. Ya kama aikin dare a wani sito yana ɗora kwalaye daga ƙarfe goma zuwa asuba, ya yi salla ya wuce aji da ƙarfe takwas, yana zaune a layin baya da jaket ɗin aiki a jikinsa. Zango na farko ya faɗi darasi biyu. Don ya samu kuɗin maimaita su ya ƙara awowi ta bayan fage. Da ya zo neman izinin aiki na bayan kammala karatu, wanda shi ne babbar ribar zuwa Kanada tunda yana iya kai shekara 3, sai takardunsa suka ba da shaida a kansa: makaranta na ba hukumar shige da fice rahoton rajista, albashi kuma duk yana rataye da lambar NAS. Ba wanda ya kai ƙararsa.

Faransa

Can ma ba a neman takarda daban. Bizar dogon zama mai rubutun ɗalibi, in ka tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da isowarka, tana ba ka damar aikin albashi na awa 964 a shekara. Wannan kashi 60 cikin 100 ne na awa 1,607 da doka ta ɗauka a matsayin shekarar aiki. In ka raba, awa 18 da rabi ne a sati, amma tunda a shekara ake ƙirgawa, kana iya yin kaɗan lokacin darasi ka tara sauran ka yi cikakken aiki a Yuli da Agusta. Mai hankali haka yake yi. Nauyin sanar da hukuma na kan mai ɗaukar ka: shi zai aika da sunanka ofishin gwamnan yankin kwana 2 na aiki kafin ka fara. Sitaj ɗin da ke cikin tsarin karatu, mai yarjejeniya tsakanin makaranta da kai da kamfani, ba ya cin awowin nan, kuma in ya wuce wata 2 dole a biya ka ɗan ihisani, yuro 4 da wani abu a awa.

Mafi ƙarancin albashi wajen yuro 12 ne a awa, abin da ke shiga aljihu bayan cire-cire ya ɗan haura 9. In ka cinye awa 964 kaf, kana da wajen yuro 750 a wata. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, wannan ya kusa jikka 500 a wata, kuma in aka faɗi haka a majalisa a Zango sai kowa ya riƙe baki. Amma ita Faransa, a 2025, yuro 615 a wata ta ce a nuna a matsayin mafi ƙarancin abin zama, kuma duk wanda ya zauna a Paris ko Lyon zai ce maka haya kaɗai na iya lashe shi in ba ka samu ɗaki a masaukin ɗalibai na gwamnati, CROUS, ba.

Tarko ɗaya da ya kama yaranmu da yawa a can shi ne kai abinci a kan keke. Kamfanonin ba sa ɗaukar ka a matsayin ma'aikaci, sai ka yi rajistar mai sana'ar kansa, takardar zaman ɗalibi kuwa aikin albashi kawai ta yarje maka. Sai yaro ya karɓi hayar asusun wani, yana aiki da sunan da ba nasa ba, mai asusun na yankar rabonsa kowane sati. Ranar da mota ta buge shi, a takarda ba shi ne ke aiki ba. Wajen sabunta takardar zama kuma ana duba sakamakon jarrabawa a ga ko karatun na gaske ne, wanda ya wuce awa 964 ana iya ƙwace takardarsa ko a ƙi sabuntawa.

Sai dai ka san halin da ake ciki. Tun bayan 26 ga Yuli 2023 harkar bizar Faransa ta tsaya a Yamai, a farkon 2024 kuma ofishin jakadancinsu ya rufe. Hanyar ta yi tsawo, ta yi tsada. Kada ka ɗauke ta a matsayin mafita ta kusa.

Turkiyya da sauran

Turkiyya daban take. Katin zaman ɗalibi shi kaɗai ba ya ba ka damar aiki. Sai an nemi izini a ma'aikatar ƙwadago, kuma mai ɗaukar aikin ne ke nema, ba kai ba, bisa dokarsu mai lamba 6735 ta 2016. Ɗan lisansi sai ya gama shekarar farko, kuma aikin ɗan lokaci kawai. Ɗan masta da dakta ba sa jiran shekara. A takarda kai ka cancanta ke nan. A aikace, samun wanda zai ɗauki wahalar cike takardu da biyan inshora saboda ɗalibi baƙo da bai iya Turkanci ba tukuna ba abu ne mai sauƙi ba, shi ya sa da yawa ke ƙarewa a masaƙu da shagunan kaya ba takarda. Abin da ya sa nake tura yara Turkiyya ba aiki ba ne, bursun gwamnatinsu ne, Türkiye Bursları, wanda ke ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da inshorar lafiya da tikitin jirgi da ɗan alawus na wata, da shekara guda ta koyon harshe. Ana buɗe neman sa daga Janairu zuwa Fabrairu, ta intanet, ba a biyan ko dala.

Jamus na ba da cikakkun kwana 140 ko rabin kwana 280 a shekara tun Maris 2024, amma sai ka zuba yuro 11,904 a asusun da ake kullewa kafin biza. Ingila awa 20 a sati ga mai karatun digiri, sana'ar kai kuwa an hana. Amurka ta fi kowa tsauri: shekarar farko cikin harabar makaranta kawai, awa 20, na waje sai wanda ya shafi fannin karatunka kuma da sa hannun jami'in makaranta ko takardar hukuma, ga shi kuma ta sa Nijar cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofar biza daga farkon 2026. Maroko, inda yaranmu ke zuwa da bursun AMCI, hukumar haɗin gwiwarsu da ƙasashen waje, da Indiya, takardar ɗalibi ba ta aiki ba ce.

Abin da nake gaya wa masu tafiya

In ka isa, sayi ƙaramin littafi. Kowace rana ka rubuta lokacin da ka shiga aiki da lokacin da ka fita, ka haɗa jimilla ƙarshen sati. Kada ka dogara da lissafin ubangida, shi in ma'aikaci bai zo ba kai zai kira ka cike gurbi, kuma ba takardarsa ce za ta lalace ba. Ka koyi cewa "na cika awowina" ba tare da jin kunya ba. Tarbiyyarmu ta rashin musa wa babba tana cutar da yara a wannan wuri. Duk takardar albashi ka ajiye, da kwantiragin, ka ɗauki hotonsu. Kafin ka karɓi aikin gidan abinci ko kanti ka tambaya ko za ka riƙa taɓa giya da naman alade, ka kuma faɗi maganar Juma'a tun ranar farko. Yawancinsu in ka faɗa da wuri suna gyara jadawali, in ka bari sai ranar ne ake samun saɓani.

Sannan gida. Wannan ba ya cikin kowace doka amma ya fi doka tura yara ƙetare iyaka. Da ka sauka, za a fara lissafi da kai: ragon Layya, bikin ƙanwa, asibitin gwaggo, wani zai turo lamba ya ce ko jikka 20 ce a sa masa ta Nita. Ka zauna da Baba da Inna tun kafin ka tafi, a gaban yayyenka, a yi magana a fili cewa shekara biyu ba aike. In daga bakin Baba ta fito za ta zauna.

Ka kuma yi hankali da masu zama a biro ko a WhatsApp suna sayar da "biza haɗe da aiki". Ba a haɗa bizar ɗalibi da alkawarin aiki. Mafi muni su ne masu ara maka kuɗi a zuba a asusu na ƴan kwanaki don a buga takardar banki. Kanada na ɗaukar wannan a matsayin yaudara, hukuncinsa hana shiga na shekara 5. Haka kuma kada ka rubuta a wasiƙar neman biza cewa da aiki za ka biya makaranta. Wannan jimlar kaɗai ta isa a mayar maka da dosiye, don ka faɗa da bakinka cewa kuɗinka bai kai ba.

Ni mai ba ɗalibai shawara ne, ba lauyan shige da fice ba. Alƙaluman da na kawo suna canzawa, na Kanada ma sun canza fiye da sau ɗaya daga 2022 zuwa yau, saboda haka ranar da za ka ajiye dosiye ka buɗe shafin IRCC, hukumar shige da fice ta Kanada, da kanka, akwai shi da Faransanci. Wanda kuma ya riga ya ƙetare awowi ko rajistarsa ta yanke, ba irin wannan amsa zai nema ba, ya je wurin mai ba da shawara na jami'arsa mai lasisi ko lauya, kafin ya cike kowace takarda.

Game da filin, shawarata a dakata da sayarwa har sai ka yi abu biyu. Ka rubuta wa sashen da ya karɓe ka, ba ofishin rajista ba, ka tambaye su kai tsaye ko mastan na bincike ne ko na darussa zalla, ko akwai malamin da ke da kuɗin bincike da zai ɗauke ka mataimaki, da kuma ko ana rage wa baƙi masu Faransanci kuɗin makaranta. Mastan bincike sau da yawa yana zuwa da tallafi, kuma in an rubuta tallafin a wasiƙa yana shiga cikin shaidar kuɗin da za ka nuna wajen biza. Ka tambaye su kuma ko za su ɗage maka karɓar zuwa zango na gaba, jami'o'i da yawa suna yi. Na biyu, in ka je Yamai ka leƙa ANAB, hukumar bursu ta ƙasa, ka ga bursun haɗin gwiwa da ke buɗe a fanninka bana, ka shirya na Turkiyya kafin Janairu. In amsar jami'ar ta zo, ka kawo mini ita tare da takardar kuɗin makaranta ta shekara biyun, mu zauna da Baba mu yi lissafin da alƙalami.